Shekarar da Malam Ya Hana Jirgin Feshi

Mijina malamin gona ne, kuma tun da nake ban ga wanda ya haɗa sanyin baki da taurin kai irinsa ba. Ba ya musu, ba ya ɗaga murya. Sai ka gama zuba ya ce "haka ne," sannan ya tashi ya yi abin da ya yi niyya tun farko. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, ga shi ina koyarwa a firamare, na saba in faɗa a bi. Mutane sun sha mamakin yadda muka zauna lafiya, ni ma har yau ina yi.

A Bodinga muke zaune a lokacin, ƙarshen mulkin farar hula na biyu. Shi mutumin Yawuri ne, aiki ya kawo shi, aka ba shi wani babur mai hayaƙi yana zagaya manoma daga Dingyadi zuwa Danchadi, wani lokaci har Kajiji. Ni kuwa 'yar gida ce. Ƙauyenmu yana kusa da Danchadi, a bakin wani tafki da ba ya ƙafewa sai rani ya yi nisa, kuma gonar shinkafar mahaifina ita ce mafi kusa da ruwan.

Shekarar da nake magana ruwa ya ɗauke da wuri. Gero ya fitar da kai ya bushe a tsaye, dawa kuwa ko ciki ba ta yi ba. A gari ana ta maganar tsuke bakin aljihu, sai an yi layi kafin a sami sabulu ko madara, albashi kuma sai ranar da aka ga dama. Da ni da Malam ma'aikata ne a baki, amma ba mu da abin da za mu riƙe wani gida ban da namu. Saboda haka idon kowa a gidanmu ya koma kan shinkafar Baba, don ita kaɗai ta sha ruwa ta ƙoshi. In ta yi, gidan zai kai damina. In ba ta yi ba, babu wani rumbu a bayanta.

Shinkafa na fara nuna sai ga jan-baki. Wanda bai taɓa ganin jan-baki a gona ba zai ce mene ne abin tsoro a ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba. Ai ba ɗaya yake zuwa ba. Sukan taso har su tare rana, in suka sauka a gona suka tashi sai ka iske zangarniya tsaye babu ƙwaya. Da yake daji ya bushe babu tsabar ciyawa, duk na ƙasar suka yo fadama.

Gwamnati tana da maganinsu, jirgin feshi. Ana bari sai almuru sun taru inda suke kwana, jirgi ya bi ta kansu ya zuba guba. Aikin malamin gona shi ne ya gano makwancin, ya kafa fararen tutoci kewaye da shi don matuƙi ya gani daga sama. Wannan shekarar an ce jirgin sau ɗaya zai zo yankinmu, don mai ya yi tsada, wanda ya rasa ya rasa ke nan. Malam bai sha wahalar gano makwancin ba. A tsakiyar tafkinmu akwai wani kurmin bagaruwa da ke tsaye cikin ruwa, a nan jan-baki suke kwana.

Ya dawo gida da la'asar, tutocin suna ɗaure a bayan babur yadda ya fita da su. Ya wanke ƙafa, ya zauna, na kawo masa fura. Sai da ya sha ya ce, "Na gano wurin. Amma ba ni kafa tuta."

Na ce, "Ban ji ba, Malam."

"Tafkin cike yake da baƙi. Ba ni sa a zuba musu guba."

Baƙin da yake nufi tsuntsayen ruwa ne. Mun tashi muna ganinsu, ba mu taɓa tambayar daga ina suke ba. Akwai na gida, irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Akwai kuma waɗanda ba a gani sai bayan damina: wasu ƙananan agwagi masu farin layi a kan ido, da wasu masu siraran ƙafafu da ke yini suna caccakar laka. Mu a wurinmu ruwa ne ke kawo su, ruwa ke tafiya da su, magana ta ƙare.

Malam ya san abin da ya fi haka. Lokacin da yake makarantar koyon aikin gona, wani baƙon malami daga ƙasashen sanyi ya nuna musu majigi. Ya ga tafkunan da waɗannan agwagin suke yin ƙwai, ya ga mutane manya da hankalinsu suna gadin sheƙa, ya ji cewa a wasu wuraren manomi kan jinkirta yankan ciyawa har sai 'yan tsaki sun tashi. In sanyi ya matso sai tsuntsayen su ƙetare teku, su ƙetare hamada, su sauka a fadamunmu. Baƙon ya ce musu ƙasashe suna ta zama don a yarda kowa ya tsare nasa ɓangaren hanyar, tunda tsaron can ba shi da amfani in a nan za a hallaka su. Wannan magana ta zauna wa Malam a rai. Ko a rediyo aka taɓo ta sai ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Nakan tsokane shi in ce ƙasashen duniya suna can suna shawara a kan kujeru, ga wakilinsu na Danchadi da ba wanda ya naɗa, ko man babur ba a ba shi.

Akwai kuma abin da ya gani da idonsa. A wurin da ya fara aiki ya taɓa kafa tutoci a wata fadama, washegari da safe ya koma duba aiki. Bai cika son ba da labarin ba. Ya dai ce jan-baki sun mutu, haka ne, amma ba su kaɗai ba. Ya iske zalɓe kwance cikin laka yana buɗe baki, agwagi birjik a kan ruwa, shaho ma da ya ci gawa ya bi su.

Ranar na yi masa ruwan magana. Na ce shinkafar ubana ce, cikin uwata ne da na ƙannena. Na ce wanda ya yi gadin ƙwan agwagwa a ƙasarsu da ƙoshinsa ya yi. Ya saurara har na gaji, ya ce, "Haka ne." Da na ga ba ci, sai na koma dabara. Na ce to in zai faɗa wa mutane, ya ce saboda kifi ne da shanun da ke shan ruwan, wannan kowa zai gane. Ya ce wannan ma gaskiya ne, zai faɗa, amma ba zai ɓoye dalilinsa na farko ba, don in ya ɓoye ya yaudare su. Haushi ya cika ni, amma a raina na san da wani namijin ne da cewa zai yi bai ga makwancin ba, a wuce wurin.

Haka ya je ya faɗa wa na gaba da shi a ofis, baki da baki. Shi kuwa ya ce ruwansa, ga garuruwa nan suna roƙon jirgi, in Malam ba ya so a kai wa masu so. Ya ƙara da cewa in manoma suka zo ƙara, ƙofar gidan Malam zai nuna musu.

Saura Baba. Muka tafi tare ranar Juma'a, ni na shige cikin gida wurin Inna, amma na tsaya bayan danga inda zan ji. Malam ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a gefen tabarma kansa a ƙasa, yadda suruki ke yi. Baba mutum ne mai haƙuri, dogo, ba ya katse mai magana. Ya bar shi ya gama bayanin teku da hamada da majigi.

Sannan ya ce, "Malam, waɗanga mutane da sunka yi gadin ƙwai, sun san da ni?"

"Ba su sani ba, Baba."

"In shinkafa ta tahi, za su aiko min da hatsi?"

"Ba su aikowa."

"To. Da can in jan-baki ya zaka, yara muka sawa gona su yini suna kora. Matarka ta kwashe yara ta kai boko. Gwamnati tac ce ga jirgi madadin yara, kai kuma ka hana jirgi. Ku biyu kun gama da ni. Wa za shi yi min tsaro?"

Malam ya ce, "Ni, Baba."

Na ji Inna ta ja numfashi a bayana. Tsaron tsuntsu aikin yara ne da tsofaffin mata. Ba a taɓa jin magidanci ya yi shi ba, balle ma'aikacin gwamnati mai babur. Baba ya ce, "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ga gona can."

Malam ya ɗauki hutunsa na shekara, ya tare a zauren gidanmu. Ya kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, ya bi gidajen ma'aikata a Bodinga yana roƙon tsofaffin gwangwanayen madara da na tumatir. Ya zuba musu tsakuwa, ya rataye su a igiyoyi, ya ja igiyoyin daga rumfar zuwa kowace kusurwa, har cikin gonakin maƙwabta, don ya san su ma ya hana su jirgi. Tsofaffin zannuwana duk suka tafi, aka yayyaga aka ɗaura a sanduna. Fararen tutocin gwamnati ma a nan suka ƙare, suna kaɗawa a kan shinkafa. Ya koyi harba majajjawa da curin laka, ya fasa wa kansa goshi kafin ya iya.

Da farko mutanen ƙauye ba su yi masa da daɗi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu suka daina amsa masa sallama. Wasu sukan tsaya a kan hanya su kira shi sarkin agwagi. Wani maƙwabcin Baba ya ce a gabana boko in ya yi yawa hauka yake zama. Na buɗe baki zan rama, sai na tuna ni ma abin da na faɗa masa a ɗaki bai fi wannan daɗi ba, na haɗiye.

Ranar Asabar ta farko na kai masa abinci gona. Tun daga nesa nake jin ƙarar gwangwani da wata murya tana "Haa! Haa!" Ban gane muryar ba, don tun aurenmu ban taɓa jin Malam ya yi ihu ba. Na iske shi a kan rumfa, wando a naɗe, laka har gwiwa, rana ta ƙona masa wuya. Jan-baki su taso ta gabas ya ja igiya, su juya ta yamma ya diro ya bi su da gudu cikin ruwa yana kaɗa riga. Kafin ya koma rumfa sun sauka a bayansa. Tun fitowar rana yake wannan, kuma ba ya sauka sai sun koma kurmi. Salla ma a gaggauce yake yi, igiya ɗaure a kusa da shi.

Na zauna a gindin rumfar na riƙe masa igiya ya ci tuwo. Daga nan ana hango tafkin gaba ɗaya, kuma ranar ce na fara kallonsa da gaske. Ruwan ya rufe da agwagi, suna ta nitso suna fitowa, masu siraran ƙafafu suna bin baki-baki. Can wani abu ya firgita su suka tashi gaba ɗaya, suka yi gewaye, cikinsu ya yi fari a rana, suka dawo suka sauka. Malam ya nuna mini wata 'yar ƙaramar agwagwa mai baki kamar cokali, ya ce wannan da ba ta kai kaza ba ta ga ƙasashen da gwamnanmu bai gani ba. Na yi dariya, amma abin ya shige ni. Na dubi tsuntsuwar, na dubi mijina da tsagar majajjawa a goshi, na ji ina alfahari da shi, ina kuma jin tsoron abin da zai jawo mana. Duka biyun na ji, ba wanda ya kori wani.

Jirgin ya zo wata ranar da yamma. Muka ji rurinsa, kowa ya fito ya ɗaga kai. Ya bi ta kan tafkin ƙasa-ƙasa, bai ga tuta a kurmi ba, ya miƙe ya yi wajen garin Shagari. Baba yana tsaye a ƙofar gida da carbi, ya bi shi da ido har ya ɓace, sannan ya shiga ciki.

Daga ranar abin ya sake. Tunda jirgi ya wuce babu sauran abin jira, mutane suka fito. Tsofaffin mata suka zo da faranti da muciya suna bugawa, maƙwabcin nan mai maganar hauka ya kafa tasa rumfar ya karɓi igiyoyin ɓangarensa. Ba don sun yafe ba ne, hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka, kuma shinkafar tasu ce. Ni ma ina tashi daga makaranta sai in nemi motar Danchadi. Baba kansa bai hau rumfa ba, girma ya hana, amma kullum da hantsi yakan zo da butar ruwa ya ajiye a gindinta ba tare da ya dubi sama ba.

Muryar Malam ta fara dishewa, ta koma kamar ana jan tabarma a ƙasa, daga baya ta ɗauke ɗungum. Inna ta dafa masa citta da kanumfari da zuma, a banza. Sai ya koma buga garwa da sanda. Hutunsa ya ƙare shinkafa ba ta isa yanka ba, ya ci gaba da zuwa da asuba da la'asar, tsakiyar rana ya yi aikin gwamnati da alamar hannu. Muryar ta dawo daga baya, amma ba ta koma yadda take ba, har ya tsufa da ita a shaƙe.

Aka yanke shinkafa, aka buge, aka sheƙe. Ba zan ce tsaron bai yi amfani ba, don ba don shi ba da ko iri ba a samu. Amma jan-baki sun ci nasu, sun ci da yawa. Ido ba mudu ba ne, ya san kima: da na ga tsibin a masussuka na san ba zai kai gidan damina ba. Da jirgi ya yi feshi, ko da an sami fiye da haka, Allah kaɗai ya sani, don wasu garuruwan da aka fesa wani ayarin jan-baki ya sake sauka musu. Malam bai taɓa fakewa da wannan ba. Da na kawo maganar ya rubuta mini a ƙasa da tsinke cewa mai yiwuwa da an samu.

Baba ya fitar da zakka, ya ware iri. Sannan ya cika ƙwarya ya tura gaban Malam a gaban jama'a, ya ce wannan rabon mai tsaro ne, haka ake ba kowane yaro. Wasu suka yi dariya. Malam ya girgiza kai yana nuna tsibin, wai bai isa gida ba. Baba ya ce, "Haƙƙin tsaro ba a hana shi ko shekarar yunwa. Ɗauki abinka." Ya ɗauka da hannu biyu. Har yau ban san ko horo ne ko girmamawa ba, ina jin Baba ma duka biyun ya nufa.

Ba a daɗe ba sojoji suka karɓi mulki, abubuwa suka ƙara tsanani. Mun riƙa kai abin da muka iya, ba ya zuwa ko'ina. Baba ya zauna ya auna rumbu da bakunan da ke gidan, ya ga in ya cire nasa bakin, ya kuma aiko da ɗan abin da ya samu, za a iya lallaɓawa. Sai ya ce zai tafi ci-rani kudu. Samari ke zuwa ci-rani. Baba da furfurarsa, mutumin da bai taɓa kwana a wani gari ba sai don ta'aziyya, shi ne zai je ya nemi dako ko gadi a inda ba a san sunansa ba. Malam ya roƙe shi da 'yar muryar da ta rage masa, ya ce zai sayar da rediyonsa da keken ɗinkina. Baba ya ce ba a ci da gida da keken ɗiya.

Ya dawo da ruwan farko, a rame, da ransa da lafiyarsa. Amma ranar tafiyar ce ba ta barina.

Da safe muka raka shi bakin titi inda motar kudu ke tsayawa. Malam ya ɗauki ƙunshin kayansa a ka, tabarma da buta da bargo, ni ina biye. Hanyar ta bakin tafki take bi. Ruwan ya ja baya sosai, tsuntsayen sun matsu a ɗan abin da ya rage, har ba ka ganin ruwa sai su. Malam ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri, ba ya so Baba ya dube su. Sai Baba ya tsaya. Ya dogara da sandarsa ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Malam, waɗanga na kac ce daga nesa sunka hito?"

"Su na, Baba."

"Abinci ya ƙare musu can?"

"Sanyi ka rufe shi, Baba. Dole su taso."

"Kuma suna komawa gida?"

"In lokaci ya yi suna komawa, in Allah ya yarda."

Baba ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu ya sauke ƙunshin daga kan Malam ya ɗora a nasa, ya gyara masa zama.

Ya ce, "To. Allah shi sa inda za ni in ishe mai taurin kai irin naka."

Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, na yi kukana. Baba ya yi gaba da kayansa a ka, muka bi shi a baya har bakin titi.